Zangarniya Ashirin a Kan Tabarma

Kwana huɗu ke nan hadari yana haɗuwa ta gabas, yana watsewa kafin la'asar. A nan Gawon Nama cikin Sakkwato, gidan ɗana inda nake zaune, bangon siminti yana riƙe zafi kamar murhu, ruwan randa ma da ɗuminsa ake sha. A irin waɗannan kwanaki ne maigidana Malam yake fito da sungumi, ya zauna bakin ƙofa yana gyara ƙotarsa, yana duban sama. Bana sungumin yana jingine bayan ƙyaure, ba wanda ya taɓa shi. Malam ya rasu bayan ɗaurin hatsi da sati uku. Na fita takaba, masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, amma har yau in na dama fura sai na zuba a ƙoƙo biyu kafin in tuna. Ba na ɓoye kukana. Sunansa kuwa ba zan faɗa ba, shekara hamsin da 'yan kai ban faɗe shi ba.

Ban iya riƙe alƙalami ba. Jikata Kulu ce ke rubuta wannan, ina faɗa tana bi, kuma saboda ita ne maganar ta taso.

Kulu tana jami'a, tana digiri na biyu a fannin noma. Daminar bara ta yi ta zirga-zirga zuwa ƙauyenmu, can gefen Wamakko. Ta roƙi manoma, wasu suka shuka wani sabon irin hatsi da masu bincike suka fitar, wasu suka shuka tsohon da duk yankin ake kira irin Malam. Da kaka ta bi su da sikeli, ta ware fili daidai wa daida a kowace gona, ta auna abin da ya bayar. Malam ma ya ba ta tasa gonar. Yana tsaye tana awo, yana cewa, "Matar, auna da kyau, kada ki cuci mijinki." Babanta, wanda yanzu gonakin gida ke hannunsa, ya faɗa gaban mutane cewa abin da takardar Kulu ta ce shi zai shuka bana. Manoman da suka ba ta gonakinsu ma jira suke. Ga ruwa ya kusa.

Shekaranjiya da rana na same ta gindin darbejiyar tsakar gida, kwamfuta a cinya, kwanon tuwo a gefe ko buɗe shi ba ta yi ba.

Na ce, "Ke, mi ya same ki? Tuwon ga tun ɗazu shina kallonki."

"Ba komi, Inna."

"Ba komi ba shi hana cin tuwo. Ko saurayin ne ya ga wadda ta fi ki iya miya?"

Ta yi 'yar dariya, dariyar ta ƙare da hawaye. Na zauna kusa da ita, na ce ta faɗa mini da Hausa, ban da Turancin nan nasu.

Ta ce hanya biyu ce ta yin lissafin. Ta farko, a tara abin da gonakin kowane iri suka bayar, a raba, a ga matsakaici. In aka bi ta nan, irin Malam ne a gaba. Amma malaminta ya duba ya ce gwajin da ke tafiya da wannan hanya yana da sharaɗi. Sai alƙaluman sun zauna kamar tsibin hatsi in an zuba shi daga ƙwarya: tudu a tsakiya, yana sauka a hankali dama da hagu. Nata ba haka suke ba. Gonakin ba su da yawa, kuma akwai guda da ta yi wa sauran nisa ƙwarai, ita kaɗai ta ɗaga ɓangarenta. Don haka ya ce ta bi gwajin da bai damu da siffar tsibi ba. A haɗa gonakin duka, a jera su daga ƙarama zuwa babba, kowace a ba ta lambar wurin da ta tsaya, a tara lambobin kowane iri, sannan a duba ko irin wannan rabuwa za ta iya faruwa da sa'a kawai. Ta bi. Sabon iri ne a gaba, kuma ba da sa'a ba.

Na ce, "Wace gona ce ta yi nisan?"

Ta sunkuyar da kai. "Ta Malam ce."

Na san gonar. Shekara da shekaru yana ɗibar taki daga garken ɗansa yana kai mata, yana yi mata noma uku lokacin da wasu ke yin biyu.

Kulu ta ce, "Inna, in na bi jeri, duk girman abin da ya noma, mataki ɗaya kawai ya fi na bayansa. Kamar na shafe wahalarsa, kuma noman ƙarshe da ya yi ke nan. Ina tunanin in kai wa malamina na jeri, in karanta wa Baba na farko. Ai ba ƙarya ba ce, duka lissafi ne. Sai a ci gaba da shibka irinsa."

Iska mai zafi ta taso ta kaɗa ganyen darbejiya, sai na ji kamar ina zaune a wata bazarar.

Shekarata uku da aure a lokacin, ina goyon ɗan fari, wanda shi ne baban Kulu. A gidan akwai Malam, da wansa Yaya Ummaru da iyalinsa, da mahaifiyarsu Dada, wadda yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta gane haske da duhu. Iri biyu Malam ya shuka a gonar gandu. Rabi irin mahaifinsu marigayi, mai doguwar zangarniya, abin alfaharin gidan. Rabi kuma wani ɗan gajere da babana ya zuba mini a gora cikin kayan aure, don garinmu tudu ne mai rairayi, shi muke shukawa. Matan unguwa suna kiransa hatsin amarya, suna cewa ya ɗauko tsawon mai shi.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar. Aka yi shuka, ta fito, sai sama ta bushe. Muna kallo tsiron ya kwanta. Aka sake shuka. Ta biyun ta yi kyau har hatsi ya yi ciki ya fara fidda kai, sai ruwa ya ɗauke ɗaukewar da bai dawo ba. Ganye ya nannaɗe kamar an gasa shi. In ka shiga gona da rana sai ka ji tana ƙara, ƙas ƙas, ba iska ba komai. Da aka yi girbi, abin da aka ɗaure bai rufe gindin rumbu ba. Malam ya ware dami ɗaya na kowane iri, bai tsaya zaɓe ba don babu na zaɓe, ya rataye su can sama cikin rumbu, ya ce na shuka ne, ko hannu kada a kai.

Yunwa ba rana ɗaya take shigowa ba. Da fari muka bar tuwon rana. Sai fura ta koma kunu, kunun ya yi ta tsinkewa har kana ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Akuyata ta tafi kasuwa. Malam da Yaya Ummaru suka riƙa sammako zuwa cikin Sakkwato neman aikin ƙarfi, wata rana su dawo da garin rogo ɗaure a bakin rawani, wata rana su dawo da ƙura kawai. Mu mata muna fita da sassafe zuwa fadama tonon bado, laka har gwiwa a 'yan wuraren da suka rage da danshi. Da bado ya ƙare muka koma anza, 'ya'yan wani itacen daji masu ɗaci. Sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu, ga rijiya ta yi ƙasa, guga yana fitowa rabi ruwa rabi taɓo. Har yau in na tuna anza yawuna yana ɗaci.

Zafin bazarar nan ban ga irinsa ba. Ƙasa tana cin tafin ƙafa ta cikin takalmi. Kaji suna buɗe baki a gindin randa. Nonona ya ƙafe. Yaron ya yi ta kuka kwanaki, daga baya ya daina, sai dai ya kwanta yana bin mutum da ido. Dainawar ta fi kukan ba ni tsoro.

Wata safiya Dada ta ce in miƙo mata shi. Ta shafa damtsensa, ta shafa cikinsa, ta taɓa maɗigarsa. Sai ta kira 'ya'yanta ta ce, "A sauke dami guda. Yaron ga ba shi kai damina da anza."

Ba wanda ya yi musu. Dami ɗaya zai isa a shuka gona in an yi tsimi. Maganar ita ce wanne za a ci, wanne za a bari, don wanda aka ci ya tafi ke nan, ba mai irinsa a kusa da zai ba ka a shekara irin wannan.

Yaya Ummaru ya hau rumbu ya sauko da su duka biyu. Ya zaro wata zangarniya daga damin mahaifinsu, tsawonta ya kai kamu biyu, cike tam har baki. Ya ɗaga ta ya ce, "Ku dubi wagga. Cikin fari ta yi haka. Wa ka cin wanga iri shi bar hatsin amarya?"

Ni dai ina bakin ɗaki, ban da ta cewa. A raina ma na ba shi gaskiya.

Malam ya ce, "Yaya, na san inda ta fito. Gindin suri ne, ni na yanke ta. Akwai 'yan uwanta uku ko huɗu."

"To a sussuke duka biyu, a auna da tiya, mu ga wanda ya fi."

"In munka auna, na gindin suri za su cika tiya su rufe ma sauran asiri. Gonarmu kuwa ba duka suri ba ce."

"To mi kake so a yi? Mu yi ƙuri'a?"

Malam ya kai hannu gemu. Shi ba mai yawan magana ba ne, in yana tunani sai ya riƙa murza gemu. Can ya ce in kawo zare, baƙi da fari. Ina kaɗi a lokacin, ina da su. Ya shimfiɗa tabarma a inuwar zaure, ya zaunar da Dada, ya ce ta sa hannu cikin kowane dami ta zaro goma, sama da ƙasa da tsakiya, duk wadda hannunta ya faɗa a kai. Doguwar nan ma Yaya Ummaru ya ce sai an sa ta, Malam ya ce a sa, ta zama cikin goman. Na ɗaura baƙin zare a na mahaifinsu, fari a nawa, ƙulli iri ɗaya. Malam ya cakuɗa su ya tura gaban Dada.

Ya ce, "Dada, jera muna su. Mai ƙarancin ƙwaya nan hagu, mai yawa can dama. Ba tsawo ba, abin da ka shiga turmi."

Dada ta ce, "Kun rasa mai ido sai ni?"

"Mai ido shina da ɓangare."

"Ni ma ina jin tsawo da hannu, ɗan nan. Na san na gidan ga."

"Kin sani. Amma ba ki cin amanar turmi."

Ba mu da sikeli. Hannunta ne sikelin. Ta ɗauki biyu, ɗaya a kowane tafi, ta jinjina, ta bi su da babban yatsa tana jin inda ƙwaya ta cika da inda fari ya bar ƙaiƙayi, sai ta ajiye. Ta ɗauko ta uku ta gwada da waɗancan, ta nema mata wuri. Tun hantsi take yi har inuwa ta dawo gindin bango. Gumi yana bin wuyanta. Wata doguwa in ta matsa sai ta ji rabinta fanko, ta yi tsaki ta tura ta hagu. Duk lokacin da ta yi haka sai Yaya Ummaru ya yi gyaran murya.

Ta ce, "Ummaru, in tari ne sha ruwa. In magana ce haɗiye ta."

Da ta gama ta janye hannu. Muka matso. A can ƙarshen dama doguwar gindin suri ce, da baƙin zarenta. Daga ita sai fari, fari, fari, sai baƙi ɗaya, sai fari ya ci gaba. Baƙaƙen sun taru a hagu kamar an kora su.

Yaya Ummaru ya ce, "Ai ga shi nan. Sarkinsu namu ne."

Malam ya ce, "Naku ne. Amma wuri guda ya tsaya, awa kowa. Dubi talakawansa inda suke." Ya bi jerin da yatsa. "Da sun cakuɗe, baƙi nan fari nan, da na ce duk ɗaya ne, a ci kowanne. Ba su cakuɗe ba."

Dada ta ce, "Ku faɗa mini. Wane za a ci?"

Ni na ji kamar in nutse. Daga ƙarshe Malam ya durƙusa gabanta ya ce, "Na Baba."

Ta ce ta sani, tun tana tsakiyar jeri hannunta ya faɗa mata. Ta lalubo doguwar, ta kai hanci ta shaƙa, ta daɗe riƙe da ita. Ta ce da wannan iri aka yi furar sunan 'ya'yanta duka. Sannan ta miƙo mini ta ce, "Ɗiyata, tashi ki sussuka. Ki fara da wagga, ta fi ƙwaya."

Ina daka ina kuka. Ƙanshin hatsi ya cika gidan, 'ya'yan Yaya Ummaru suka kewaye turmi suna tsintar abin da ya fantsama. Na dama kunu mai kauri, na ɗura wa yaron da ludayi kaɗan kaɗan. Malam bai sha ba ranar, ya ce azumi yake, alhali na ga ya sha ruwa da safe. Muka yi ta jan damin nan, tafi ɗaya na gari cikin tukunyar anza, na yaro kuma daban. A kwana na biyar ya yi kuka. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro kamar ranar ba.

Ruwan farko da la'asar ya zo. Iska ta fara kwashe shingen gidan, sai ƙanshin ƙasa, sai ga shi kamar ana juye tulu. Muka fita muka tsaya cikinsa, har Dada. Washegari Malam yana gaba da sungumi yana sara, ni da matar Yaya Ummaru muna biye muna jefa ƙwaya muna rufewa da diddige, ciki ba komai. Ana ƙirga ƙwayar da za a jefa a rami. Yunwa ba ta tafi don an yi shuka ba, amma tafasa ta fito, gasaya ta fito, muka samu na kwaɗo. Ɗan gajeren nan kuwa ya riga na kowa nuna. Muna gasa tumu maƙwabta nasu bai gama fidda kai ba, muna miƙa musu ta kan danga.

Da kaka mutane suka riƙa zuwa da gora neman iri. Wurin Malam suke karɓa, sai suka ce irin Malam. Yaya Ummaru da ya ware tasa gonar shi ma ya zo, yana cewa a ba shi na gajerun nan, ya ga gajarta ba ta hana albarka. In muna mu biyu Malam yakan ce, "Naki ne fa." In ce ya bar shi haka. Kowace shekara in an kai gindin surin nan wurin shuka, sai ya ɗan tsaya kafin ya sara. Ban taɓa tambayarsa ba.

Wannan shi ne abin da na ba Kulu labari a gindin darbejiya.

Sai ta ce, "Ashe ma ba nashi ba ne."

Na ce, "Nashi ne. Ya bar na ubansa ya ɗauke shi, wa ya fi shi iko da shi?"

"Inna, abin da ya yi shi ne abin da na'urar nan take yi. Ita dai tana ƙara da lissafin ko sa'a ce ta raba su."

"To ni ban san na'ura ba. Nuna mini jerin."

Ta juyo da kwamfutar. Ban iya karatu ba amma ina ganin launi. Ɗigo ne a jere, kore na sabon iri, ja na irin Malam. Jajayen sun taru ƙasa, korayen sun fi yawa a sama. Can bisa duka, ɗigo ja guda ɗaya, shi kaɗai, da fili tsakaninsa da sauran. Na ɗora yatsa a kansa. Kuka ya zo mini, na bar shi ya zo. Kulu ta kwantar da kai a kafaɗata muka yi tare.

Da babanta ya dawo daga kasuwar kara bayan la'asar, ta shimfiɗa masa tabarma, ta karanta masa na jeri. Ta gaya masa na farkon ma, da dalilin da ya sa ba a dogara da shi ba. Ta ce damina ɗaya ce aka gwada, don haka kada a yar da tsohon iri, a ajiye shi, a sake gwadawa.

Ya dube ni ya ce, "Inna, kin yarda?"

Na ce, "Kai da aka ci irin kakanka don ka rayu, kai ka tambaya ta? Shibka abin da ɗiyarka ta ce."

Bai gane ba, don bai taɓa jin labarin ba. Shi ya sa na ce Kulu ta ɗauko takarda.

Mu a waccan shekara dole sai da muka cinye ɗaya. Bana ba abin da ya kore mu. Goran irin da Malam ya bari yana ɗakina, da toshiyar tsumman da ya yi masa da hannunsa. Za a shuka sabo a gonaki, ni kuma na ce a bar mini kuyya biyar a gindin suri. In ruwa ya sauka za a kai ni, ɗana ya riƙe sungumin, ni in jefa.

Ɗazu na ce wa Kulu abu ɗaya nake roƙo. A cikin takardar da za ta kai jami'a, ta rubuta ko gonar wa ce ta zo bisa duka.

Ta ce, "Inna, a takardar bincike ba a sa sunan manomi. Lamba ake sa wa kowa."

Na ce to, daidai ke nan, ni ma ban taɓa faɗin sunan ba. Ta sa masa lambarsa ta sama, mu mun san mai ita.

Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Dada da Yaya Ummaru. Kulu, ajiye alƙalamin ki kwashe shanya, na ji iska ta sauya. In kin dawo ga fura nan, ƙoƙo biyu na zuba.